Baitulmalin En'e da Masu Fasaha na Ƙasar Hausa

Akwai wata tambaya da muke so mu sa a gaban masu karatun wannan shafi. In gari yana da magini gwani, ko makaɗi, ko marini, ko mai tsara waƙa, wa ya kamata ya ɗauki nauyinsa? Mutane da yawa za su ce ai sana'arsa ita ce za ta ci da shi. Wannan magana tana da gaskiya, amma ba ta ƙare zance ba, domin tun zamanin da hukumar gari ba ta taɓa tsame hannunta daga wannan al'amari ba. Wani lokaci ta ba da riga, wani lokaci ta ba da aiki, wani lokaci kuma ta aiko ɗan doka. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bi labarin daga tushe, mu ga yadda kuɗin gari ya riƙa isa hannun masu fasaha, da inda ya tsaya a hanya.

A zamanin sarakunan da, kowace sana'a tana da shugabanta wanda sarki ya naɗa. Akwai Sarkin Maƙera, da Sarkin Magina, da Sarkin Dukawa, da Sarkin Kiɗa, da Sarkin Tambura, da sauransu. Aikin irin wannan shugaba biyu ne. Shi ke tara kuɗin sana'a daga mutanensa ya kai fada, kamar kuɗin karofi da marina suke biya, shi ne kuma ake kira in fada tana da aiki, ya tara gwanaye su yi. Ladan aikin ba albashi ba ne. Riga ce, da rawani, da doki, da damman hatsi bayan kaka, wani ma a ba shi gida da gona, har a yi masa aure. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara sa a busa masa kakaki, shi ya gina gidan sarautar da har yanzu ake kira da sunansa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Duk wanda ya duba waɗannan uku zai ga mabusa da magina da 'yan kasuwa sun sami abin yi a hannun mutum ɗaya. A Zazzau kuwa, zamanin Sarki Abdulkarimu, watau tsakanin 1834 da 1846, aka sa Muhammadu Durugu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara, ya ɗaure bakan gizonsa yadda har yau masanan gini na ƙasashen waje suke zuwa kallon abin da ya rage.

Amma kada a ɗauka kowane mai fasaha a bakin fada yake ci. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya shigo Kano cikin 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano a fitar da su sun kai na wuri miliyan 300 a shekara. Masaƙa da marina da mabuga ba su jira kyautar kowa ba, fatake ne iyayen gidansu. Malamai masu waƙoƙin wa'azi, tun daga Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u, su ma ba don riga suka yi ba, almajirai ne suka riƙa kwafe waƙoƙin da hannu suna yaɗawa. Watau tun asali fasaha iri uku ce a wurinmu: ta kasuwa, da ta zaure, da ta fada. Ta ƙarshen ce ta rataya ga hukuma, ita ce kuma ta fi jin jiki duk sa'ad da aka sāke tsarin mulki.

Sākewar farko ta zo da Turawa. Cikin 1903 suka ci Kano da Sakkwato, kafin 1911 ta wuce an kafa baitulmali a manyan ƙasashen sarakuna. Aka ce haraji da jangali duk su shiga wuri ɗaya, Gwamnati ta ɗauki rabi, rabi ya zauna a hannun Ma'aji don ayyukan ƙasa. Aka yanka wa sarki albashi, aka yanka wa hakimi da alkali da dogari. Kowace shekara sai a rubuta ƙiyasin kuɗi, Razdan ya duba, kowane sule a nuna inda za shi. To, ga inda magana take. Cikin wannan takarda akwai gurbin 'yan doka, akwai na gidan yari, da na hanyoyi, da na asibiti, da na makarantu, amma ina gurbin mai kotso? Ban da 'yan kaɗan daga cikin mabusa da masu tambura na ƙofar sarki, galibin makaɗa ba su shiga littafin Ma'aji ba. Kyauta ba ta da rasit, akawu kuwa ba ya rubuta abin da ba shi da rasit.

Sai ya zama makaɗi yana ci daga albashin ubangidansa. Da haka manyan makaɗan fada na ƙarnin da ya wuce suka rayu: Ibrahim Narambaɗa a ƙofar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi a ƙofar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sa'idu Faru tare da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, Musa Ɗanƙwairo daga Maradun, Sarkin Taushi a Katsina. Waƙoƙin waɗannan mutane su ne yau ake karantarwa a jami'o'i, a ciki ne kuma yaranmu suke tsintar tsohuwar Hausa wadda ta fara ɓacewa daga bakin mutane. Duk da haka sai mu faɗi gaskiya. Albashin hakimi ƙayyadadde ne, bukatun ƙofarsa kuwa ba su da iyaka. Ba kowane dokin da aka ba makaɗi ne ya fito daga albashi ba. Da yawa daga guminsa talaka ya biya, ta hanyar gaisuwa da tara da aikin gayya na tilas, ba a kuwa ambaci sunansa cikin waƙar ba.

Masu aikin hannu sun fi makaɗa sa'a, domin aikinsu ana iya ƙirga shi a saka masa kuɗi. Cikin 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano, ya haɗa da sashen koyon sana'a, inda aka kawo gwanayen dukanci da ƙira da sassaƙa da ɗinki suka zama malamai. Cikin 1924 aka yi babban nunin kayan ƙasashen Ingila a Landan, aka gina wa Afirka ta Yamma wuri mai kamar ganuwar birni, aka kwashi masu sana'a daga ƙasar nan suka je suka yi aiki a gaban 'yan kallo. Sa'an nan ga hawan daba, kamar wanda aka yi wa Yariman Ingila a Kano cikin 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya a Kaduna cikin 1956. Kowace En'e takan so ta fi 'yar'uwarta ado, sai a buɗe baitulmali, masu sirdi da masu lifidi da masu linzami da maɗinka manyan riguna su kwana suna aiki. Amma daba ba kullum ake yinta ba.

Magina su ne suka fara da riba suka ƙare da hasara. Da fari ofisoshin En'e da kotunan alkalai da makarantu da gidajen hakimai duk da ƙasa aka gina su, Sarkin Magina da mutanensa suka yi ta samun aiki. Da siminti da kwanon rufi suka yawaita, ma'aikatar ayyuka ta En'e ta juya musu baya, domin ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, akawu kuwa ya fi son abin da za a biya sau ɗaya a huta. Cikin 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka gama sabon babban masallacin Kano da siminti a gurbin tsohon na ƙasa. Masallacin Babban Gwani na Zariya ma, bayan 1970, an rushe sashensa, aka lulluɓe sauran cikin sabon gini. Ba mu ce kada a yi gini mai ƙarfi ba. Abin da muke cewa shi ne, hukumar da take ita ce babbar mai ba da aiki a gari, in ta daina sayen wata fasaha, attajirai ma sai su daina, yaro kuma ba ya koyon sana'ar da ya ga ba ta ci da ubansa.

Sha'anin littattafai ya bi wata hanya dabam. Hukumar Fassara da aka kafa cikin 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta East, ta Gwamnati ce, ba ta En'e ba. Amma da aka yi gasar rubuta labarai cikin 1933, su wa suka amsa? Malaman makaranta ne a gaba, galibinsu na makarantun da En'e ke riƙe da su: Malam Abubakar Imam daga Midil ta Katsina da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara da Ganɗoki, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Midil ta Bauchi da Shaihu Umar. Da aka buga littattafan, makarantun En'e ne manyan masu saye. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito cikin Janairun 1939, ta hannun ma'aikatan En'e ta riƙa isa gundumomi. Kano ma tana da maɗaba'ar En'e tata, wadda ta buga littattafan Larabci na malaman ƙasa. Aka kuma buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa. A nan dai za mu yaba wa En'e, domin albashin malami shi ya ba waɗannan mutane sararin zama su yi rubutu, ko da yake ba don rubutun aka biya su ba.

Aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya cikin 1945. Da aka tashi Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA, ta yi ta buga ƙananan littattafai da waƙoƙi, da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya, da Zumunta ta Bauchi. A wannan zamani ne waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aliyu Namangi suka shiga hannun 'yan makaranta cikin boko. Cikin 1959 aka rufe NORLA, kuɗi sun ƙare, littattafai kuwa jibge a sito. Buga littafi dabam, kai shi hannun mai karatu a ƙauye dabam, an kuwa kashe ƙarfi kan na farko an bar na biyu.

Labarin da ya fi ba mu sha'awa cikin wannan duka na wata ƙaramar ƙasa ne, watau Abuja ta da, wadda yanzu ake kira Suleja. Sarkinta Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, tsohon ɗan Kwalejin Katsina ne, yana kuma da wata ɗabi'a wadda ba kowane sarki ke da ita ba: yakan sayi tukwanen matan ƙasarsa ya ajiye a gida don kyansu kawai. Cikin 1950 Gwamnati ta ɗauko wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ta sa shi ya zaga ƙasa ya nemi wurin da za a kafa makarantar ginin tukwane. Da ya zo Abuja ya tarar da yumɓu mai kyau da itace da ruwa, ya kuma ga tukwanen nan a gidan sarki, cikinsu har da na wata mace 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali, sunanta Ladi. Sarki ya ba da goyon baya, aka kafa makarantar. Cikin 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da injin juyi da gashi mai zafi da shafa ƙyalli, amma ba ta bar ginin hannu irin na iyayenta ba, ba ta bar zanenta na kunama da kifi da ƙadangare da kada ba. Cikin 1958 aka nuna tukwanenta a Landan, daga baya ta zaga Turai da Amurka tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, ta rasu cikin 1984, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20.

Nawa Sarkin Abuja ya kashe kan wannan? Kuɗin 'yan tukwane da fili. Abin da ya bayar mai tsada shi ne ido, domin shi ya san wace ce gwana cikin ƙasarsa tun kafin baƙo ya zo ya tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ya san inda dukiyarsa take. Sai dai makarantar ba ta cika burin da aka kafa ta dominsa ba. Kayanta sun yi wa talaka tsada, Turawa da manyan ma'aikata ne suka riƙa saye, matan ƙauye kuwa suka ci gaba da tukwanensu na da. Cardew ya tafi cikin 1965, bayan rasuwar Ladi kuma wurin ya yi shekaru yana lalacewa.

Argungu ma ta nuna abin da ƙaramar hukuma za ta iya. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ya kai ziyara can, bayan tsohuwar gāba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa, aka shirya masa su a kogi don girmamawa. Daga nan abin ya zama biki, masunta da makaɗa da 'yan kokawa da 'yan dambe suka sami ranarsu, En'e ta riƙe shi har gwamnatin jiha ta karɓa. Cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya.

Yanzu sai mu juya ga ɗaya fuskar, wadda masu yabon zamanin En'e ba su cika son a taɓa ba. Hannun da ke ba da riga shi ke riƙe da mabuɗin gidan yari. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano cikin Agustan 1950, waƙa ta zama makamin siyasa, mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu suka tsaya a gefen talakawa. Taro a fili sai da iznin En'e, ɗan doka na En'e ne, alkali na En'e ne, kurkuku na En'e ne. Mutane da yawa sun sha ɗauri da bulala a kan kalmar da aka ce zagin sarki ce. Makaɗin fada kuwa ba ya bukatar a yi masa kashedi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka in mun ce En'e ta riƙe masu fasaha, sai mu ƙara da cewa masu yabonta ta riƙe.

Cikin 1967 aka raba Arewa jihohi shida, ba da jimawa ba aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Cikin 1976 aka yi gyaran da ya kawo ƙananan hukumomi, sarakuna suka koma iyayen ƙasa ba masu riƙe da baitulmali ba. Cikin 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, sauran jihohi suka bi. Talaka ya huta, amma ƙaramar hukuma ta koma jiran kason da za a aiko daga sama. Yau ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 44 daga cikinsu a Jihar Kano. Tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukansu: kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da kwashe shara, da lasin keke, da sa wa tituna suna, da taimakawa ga makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Ba a ambaci makaɗi ko marubuci ko marini ba. Gurbin da babu shi cikin littafin Ma'aji na 1911 har yanzu ba a buɗe shi ba.

Abin da aka yi na al'adu bayan wannan galibi jiha ce ko tarayya ta yi: Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa cikin 1975, fim ɗin Shaihu Umar cikin 1976, dabar Kaduna ta bikin FESTAC cikin 1977, da hukumar tarihi da al'adu ta Kano wadda aka zaunar a Gidan Ɗan Hausa. Masu fasaha na wannan zamani kuwa sun koma ga tsohon uban gida, watau kasuwa. Marubutan Kano, maza da mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, da kuɗin aljihunsu suka buga littattafansu, suka kai wa 'yan kasuwa, suka sami masu karatu a inda NORLA ba ta kai ba. Finafinan Hausa na kaset sun fara da Turmin Danya cikin 1990, ba da sisin hukuma ba. Da hukuma ta waiwaye su cikin 2001, hukumar tace finafinai ta kafa musu. Mawaƙa kuma sun sami sabuwar ƙofa, ta ɗan takara, wanda kyautarsa mota ce maimakon doki, sharaɗin kuwa bai sāke ba.

Mu da ke tsaye gaban allo kullum muna ganin sakamakon. Yaro ya san hoton Ladi Kwali a kuɗi, amma bai taɓa taɓa yumɓu a makaranta ba, ga shi kuwa makarantar firamare tana cikin abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma. Maginin tukwane ko baduku ko masaƙi yana nan bayan katangar makarantar, abin da Ɗan Hausa ya yi a Nasarawa cikin 1909 bai fi ƙarfin kowane shugaban ƙaramar hukuma ba.

Ran 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba. Cikin Disambar shekarar nan UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Amma a babbar Sallar 2024 da ƙaramar Sallar 2025 'yan sanda sun hana hawan saboda rikicin sarauta. Masu sirdi da masu jalala da maɗinka alkyabba da mabusa algaita, kasuwarsu ta shekara kuwa a 'yan kwanakin nan take.